Sauran Kwanan Akori-kura

Duk sana'ar da ake kai wa mutum har ƙofar gidansa, a bayan mota take tafiya. Mai hayar rumfa da kujeru, mai gyaran rijiyar burtsatse, mai kafa sola, mai raba ruwan leda, mai gidan burodin da ke kai wa masu shayi kafin kiran assalatu, kowannensu gwanintarsa na hannunsa, amma abincinsa na rataye da wata tsohuwar akori-kura. Da wuya ka sami wanda ya fara da sabuwa dal. Jarin bai kai ba. Abin da ƙaramin mai sana'a ke saye shi ne ragowar kwanan motar da wani ya riga ya ci ganiyarta, kuma tambayar da ke hana shi barci ba ta sauya ba tun shekaru hamsin: saura nawa ya rage mata? Inda ake neman amsar ne ya yi ta ƙaura, yana ƙara nisa da mai tambayar.

A gidanmu hayar rumfa da kujeru ake yi, tun kujerun na ƙarfe ne masu naɗewa, kafin na roba su shigo. Motar da na buɗi ido na gani Peugeot 404 ce mai tamfol a baya. Mahaifinmu bai saye ta sabuwa ba. Wani kamfanin gine-gine ne ya yi gwanjon motocinsa ya samu. Amma kafin ya biya ko sisi ya san direban da ya riƙe ta, ya san garejin da ake kai ta, ya san ta taɓa faɗawa rami a damina an sauya mata sifirin na baya. Bai tambayi abin da agogon kilomita ya nuna ba, don kuwa wayar agogon ta daɗe da tsinkewa kuma ba wanda ya damu. A wancan zamani tarihin mota a bakin mutane yake. In kana son saninsa, sai ka je majalisar direbobi bayan la'asar ka zauna.

Akwai dalilin da ya sa hakan ya yiwu. Motocin a nan ake harhaɗa su, a nan suke tsufa. Kamfanin Peugeot ya fara aiki a Kakuri ta Kaduna a 1975, kuma har jirgin sama aka riƙa yi wa lodin kayan haɗi daga Lyon ta Faransa zuwa filin jirgin saman Kano, daga nan a ɗora wa manyan motoci zuwa Kaduna. Bauchi na da Steyr, Kano na da kamfanin da ke haɗa manyan motocin Fiat, Inugu na da na Mercedes. Gwamnati da kamfanoni na saye sababbi, bayan 'yan shekaru su yi gwanjo, motar ta sauko hannun ɗan kasuwa, daga shi ta gangara wa mai jigilar hatsi a kasuwannin ƙauye. Iri kaɗan ne ke yawo a titi, saboda haka kowane bakanike ya haddace su. Kafireta, fulogi, kwantak, lagireto: yaron da ya shekara uku a gareji zai iya kwance injin Peugeot 504 ya mayar. In ta tsaya maka a Gumel ko Malumfashi, ba za ka kwana a hanya ba, domin akwai mai kayanta a bakin tasha.

Ba ina cewa zamanin ba shi da aibu ba. Motocin na shan mai, birkinsu ba na a yaba ba ne, kuma mutane da yawa sun rasa rayukansu a bayan akori-kura da aka cika da kaya da fasinja tare. Abin da nake tunawa da shi da kewa guda ɗaya ne: mai saye ba ya cikin duhu.

Shekarar 1986 ce ta raba gari. A farkon shekarun 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. Da gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki aka karya darajar naira, kafin a ankara dala ɗaya ta doshi naira 4, kuma ba ta sake waiwayowa ba. Kayan haɗin da ake sayowa da kuɗin waje suka yi tsada, masana'antun suka riƙa rage aiki, sabuwar mota ta gagari ma'aikatu da yawa balle ɗan kasuwa. Da sababbi suka daina shigowa ta sama, gwanjo ya ƙafe ta ƙasa. Sai ido ya koma teku.

Nan aka shiga zamanin Beljiyam da 'yar Kwatano. A birnin Brussels na Beljiyam akwai wata unguwa da ake kira Heyvaert, inda dillalai ke tattara tsofaffin motoci daga sassan Turai, a kai su tashar ruwa ta Antwerp, jirgi ya sauke su a Kwatano. Da yawa ana rubuta musu takardar wucewa zuwa Nijar, su bi ta Malanville su haye Gaya, su sauka Birnin Ƙonni ko Maraɗi, daga can su ɓullo ta Illela ko Jibiya ko Maigatari, wasu da takardun kwastan cikakku, wasu ta hannun 'yan fito. A lokacin ne Toyota Hilux da Dyna da Mitsubishi Canter suka ture Peugeot daga kan aiki. Gaskiya kuwa sun cancanta. Injin gas na Hilux irin su 2L da 3L ba shi da gudu, amma yana da haƙuri, kuma Kanta ɗaya na kwashe rumfunan da sai 404 ta yi sawu uku.

Sai dai wani abu ya salwanta a hanya. Motar da ta fito daga Jamus ko Holan ba ta da majalisar da za ka je ka tambayi labarinta. Direbanta na farko ba ya jin yarenka, kuma ba za ka taɓa ganinsa ba. Abin da ya rage maka shi ne bakin dillali da lambar da ke jikin agogo, kuma dukansu biyu ana iya juya su. Agogo mai lambobi masu juyawa, da sukurdireba ake mayar da shi baya. Da na lantarki ya zo aka yi zaton an huta, sai ga shi da 'yar na'ura ake sauya shi cikin mintuna. Motar da ta shekara goma sha biyar tana aikin kamfanin famfo a Turai za ta iso tana nuna kilomita 120,000, wato a ce a shekara ba ta wuce 8,000 ba. Wa zai sayi motar aiki ya ajiye ta haka? A 2020 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma kusan kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufa. Kowace ɗaya a cikinsu wani ya ƙirga kuɗin guminsa ya ba da a kanta, galibi ba tare da ya san abin da ta sha a baya ba.

Kanikawanmu ne suka cike wannan giɓi, kuma ina ganin ba a taɓa yaba musu yadda ya kamata ba. Da suka rasa labarin baki sai suka koyi karanta jikin ƙarfe, kamar yadda mai sayen san noma a kasuwar Wudil ba ya tambayar shekarunsa, bakinsa yake buɗewa ya duba haƙori. Bakaniken da gidanmu ya daɗe da shi ba ya yarda a kai shi ganin mota da rana. Da sassafe yake zuwa, ya fara ɗora hannu a kan injin. In ya ji ɗumi, ya san an tayar da ita kafin ya iso, sai ya ce gobe ma rana ce. Yana son ya ji tashinta na farko a sanyi, don a nan ne injin da ya gaji yake tona kansa. Sannan ya zagaya baya ya kalli hayaƙi. Shuɗi na nufin tana ƙona baƙin mai, ringi ya cinye. Baƙi ƙirin na nufin gas ya yi yawa, a duba nozul da famfo. Fari mai kauri da ba ya yankewa bayan injin ya yi zafi, sai a fara zargin ruwa na shiga ta gaskit. Zai buɗe murfin baƙin mai injin na aiki ya ga ko tana huci ta nan. Zai zaro sandar awo ya murza man a yatsa, domin akwai masu zuba mai kauri don ya rufe ƙarar injin na 'yan kwanaki. Zai leƙa lagireto ya ga ko ruwan na tasowa da kumfa.

Bayan injin sai ya kwanta a ƙasa da tocila. A nan yake daɗewa. Injin ana sauya shi, giya ana sauya ta, amma in ƙashin bayan motar ya tsage aka yi masa walda, ko tsatsa ta cinye shi, babu abin da ya rage. A ƙasashen sanyi gishiri ake watsawa a titi don ƙanƙara ta narke, gishirin kuwa ƙarfen ƙasa yake ci, sai ka ga mota fes a sama, ƙasanta na ɓarewa da farce. Daga ƙarshe ya shiga ciki ya duba robar kuloci da ta birki, da inda hannu ya goge sitiyari, da gefen kujerar direba da ya lotsa. Waɗannan ba sa ƙarya sosai. In agogo ya ce ƙuruciya, robar kuloci ta ce tsufa, da robar yake yarda.

Shi ne kuma ya fahimtar da mu cewa yawan kilomita shi kaɗai ba hukunci ba ne. Motar da ta yi 400,000 a kan shimfiɗaɗɗen titi, ana sauya mata mai a kan kari, za ta iya fin wadda ta yi 150,000 tana jigilar bulo a lungu da lodin da ya fi ƙarfinta. Akwai kuma aikin da agogo ba ya ƙirgawa: sa'o'in da injin ke yi yana aiki a tsaye, a wurin gini ko a cunkoso. Saboda haka duk motar da muka saya, kome aka ce an yi mata, ranar farko gareji take kwana. A zubar da kowane mai, a sauya matatu, a duba birki, a sa sabon bel na taimin. Wannan bel ɗin kusan kowane kilomita 100,000 ake so a sauya shi a irin injinan Hilux na gas, kuma in ya tsinke kana tafiya, bawul da fistin ne za su yi karo, kuɗin da ka ƙi kashewa kaɗan ya dawo ninkin ba ninkin.

Akwai lissafin da sabon shiga ba ya yi, kuma shi ne ya fi kashe ƙananan sana'o'i. Yana kallon kuɗin saye, ya ga mai arha, ya manta cewa ranar da mota ta kwanta ba kuɗin gyara kaɗai ake asara ba. A sana'armu, ɗaurin aure ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar Asabar ba ya jiran kowa. In rumfa ba ta tsaya ba kafin baƙi su iso, uban amarya ba zai saurari labarin famfon mai ba. Za ka ɗauki shatar wata motar da tsada, ka biya yaran da suka wuni zaune, kuma unguwar nan gaba ɗaya ta ji cewa ba ka cika alkawari. Mai gyaran burtsatse da ya bar gida kwana uku ba ruwa, an riga an karɓi lambar wani. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma a nan abin ya wuce ado, amana ce ke zubewa. Shi ya sa tsofaffin masu sana'a ba sa zuba duk abin da ke hannunsu a kuɗin saye. Suna rage wani kaso mai kauri su ajiye wa gareji, kuma in hali ya yi, sun fi son tsofaffi biyu iri ɗaya a kan guda ɗaya mai kyan gani, don in ɗaya ta kwanta ɗayar ta fita, har ma a ari kayan wannan a sa wa waccan.

Daga baya sai motocin kansu suka sauya hali. Dokokin hayaƙi a Turai suka tsananta, injin gas ya koma mai kwamfuta, mai injekta da ke fesa mai da matsin gaske, da matatar toka a cikin salansa. An ƙera su ne don gas mai tsafta. A 2016 wata ƙungiya ta Suwizalan mai suna Public Eye ta fallasa irin gas ɗin da ake sayarwa a Afirka ta Yamma. A lokacin Turai ba ta yarda sinadarin sulfa ya wuce kashi 10 cikin miliyan ba, Nijeriya kuwa ta amince da har 3,000. Ka haɗa wannan da gas ɗin bakin titi da wani lokaci ake gauraya shi da kananzir, ka ga abin da zai sami injekta. Motar da ta yi shekara goma lafiya a can sai ta zo nan ta fara kunna fitilar gargaɗi, ta rage wa kanta ƙarfi, bakaniken da ya saba aiki da kunne ya tsaya yana kallonta. Wasu suka shiga cire abin da ba su gane ba, suna yanke waya, suna jona wata. Da yawa sun kashe mota mai sauran kwana ta haka, ba da mugunta ba, sai don ba wanda ya koya musu.

A wannan tsakanin ne kuma motocin Amurka suka yawaita, ana sayo su a gwanjon intanet irin na Copart. Nan ma akwai tarko. Agogonsu da mil yake ƙirga, mil ɗaya kuwa ya haura kilomita ɗaya da rabi, don haka 250,000 a jikinsa kilomita 400,000 ke nan. Da yawa kamfanonin inshora ne suka sallama su bayan haɗari ko ambaliya, kuma motar da ruwa ya shanye wayoyinta ba ta gama warkewa. Amma adalci ya sa a faɗi alherin da ya zo tare da su: da lambar shasi mutum zai iya biyan kuɗi kaɗan a binciko masa tarihin motar, ya ga hotonta ranar da aka yi gwanjonta da abin da agogonta ya nuna. Wani yanki na abin da majalisar direbobi ke bayarwa ya dawo ta waya, ga wanda ya san yadda ake nema.

Wani ɗan yayata da ya koyi kafa sola ya zo mini da hoton wata ƙatuwar akori-kura ta Amurka da ya gani a Facebook. Ya ce, "Kawu, dubi wannan. Ba ta yi tafiya ba sosai, kuma ta fi Hilux arha." Na ce masa, "Ɗana, in ta tsaya maka a Ɗambatta da fanel ashirin a baya, wa zai taɓa ta? Ka je kasuwar Ƙofar Ruwa ka tambayi famfon manta. In ka samu a shago uku, ka dawo mu yi magana." Ya je ya wuni, aka ce sai an aiko daga Ladipo ta Legas, wani ma ya ce sai dai a yi oda daga waje. Wannan gwajin na fi yarda da shi a kan kowane agogo. Motar aiki ba ita kaɗai ake saye ba, ana sayenta ne tare da kasuwar kayanta da hannayen da suka san ta. Shi ya sa tsohuwar Hilux da ta sha duniya take riƙe farashinta har mutum ya yi mamaki: daga Ƙofar Ruwa zuwa Panteka ta Kaduna, zuwa Maraɗi da Damagaram, ba inda za ta kwana don rashin kaya.

Shekarun baya-bayan nan kuwa ƙofofin ne suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Daga 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin, ba a fara buɗe su ba sai Disambar 2020. A 2022 kwastan ta koma kimanta haraji da lambar shasi, a shekarar ce kuma farashin gas ya ninka ya wuce. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya toshe gadar Malanville da Gaya, tsohuwar hanyar 'yar Kwatano. Duk wanda ke tara kuɗin mota a wannan lokaci ya ga abin da ya tara yana narkewa a hannunsa.

Sakamakon haka kasuwa ta juyo gida. Yanzu abin da ƙaramin mai sana'a ke iya kaiwa gare shi ita ce motar da ta riga ta yi shekaru a titunanmu, ta bi hannu uku ko huɗu, an yi wa injinta ringi, an ƙara mata ganyen sifirin don ta ɗauki abin da ba a ƙera ta dominsa ba, an cire mata abin daidaita zafi da sunan wai ƙasarmu rana gare ta. Wannan cirewar ina adawa da ita, domin injin da ba ya kai zafin aikinsa da wuri yana shan mai kuma yana cinyewa. Waɗannan motoci sun fi na da gajiya nesa ba kusa ba. Sai dai a nan suka gaji, kuma hakan na nufin za a iya sake tambaya: wa ya riƙe ta, wane gareji take zuwa, me ta ɗauka. Sai a haɗa da duba takardun kwastan da kyau, don motar da aka kama a hanya saboda takardar bogi ta fi wadda injinta ya buga ciwo.

Abin da ke damuna shi ne matasan da ko wannan ta fi ƙarfinsu. Matakin farko na tsanin ya yi sama. A da yaron da ya gama koyon sana'a zai iya yin adashi ya sami tsohuwar akori-kura cikin 'yan shekaru. Yau sai dai kurkura mai ƙafa uku ko 'yar Hijet, kuma ko da yake suna rufin asiri a cikin gari, ba sa iya doguwar hanya da bututun burtsatse ko ƙarafan rumfa. Aikin da ke ƙauyuka, inda aka fi buƙatar mai gyaran famfo da mai sola, sai ya rage wa masu babban jari. Na so a ce ƙungiyoyin kanikawa da makarantun koyon sana'a sun mai da hankali ga koya wa yaran gareji aiki da na'urar binciken kwamfutar mota, domin tsofaffin injina marasa kwamfuta ƙarewa suke yi, kuma waɗanda za su gaje su duk masu waya ne. Na ga wasu samari a Kano da Kaduna sun fara, suna riƙe da na'urar a hannu ɗaya, suna kuma kiran tsohon maigidansu ya saurari injin kafin su yanke hukunci.

Ɗan yayar tawa dai daga ƙarshe tsohuwar Hilux mai fetur ya saya a hannun wani mai gidan ruwan leda da ke rage motoci, bayan ya je garejin da ake kai ta ya zauna da bakanikenta. Injin na ɗan cin baƙin mai, an faɗa masa tun kafin ciniki, aka rage masa kuɗi a kan haka. Ya sayi ƙaramin littafi ya ajiye a aljihun gaban motar, yana rubuta ranar da aka sauya mai, da abin da aka gyara, da sunan garejin da nawa aka biya. Ya ce in Allah ya hore masa wata, zai miƙa littafin tare da makulli ga wanda ya saye ta.